ZAUREN ANTI: Takardar da Ummi ta ɓoye a cikin hijabi

Na san na yi muku alkawarin a wannan fitowa za mu ƙarasa zancen lefe da rigimar dangin miji, to ku yi mini afuwa. Wani abu ne ya faru a gidanmu ya tsaya mini a rai, na ga idan ban amayar muku da shi ba ba zan samu sukuni ba. Maganar yara ce, amma ku na nufa da ita, domin kusan kowaccenku tana da ƙane ko ƙanwa a firamare, gobe kuma ku ne iyayen.

Akwai 'yar Yayana, sunan Hajiyarmu ta ci, shi ya sa muke kiran ta Ummi. Shekararta 8, tana aji uku. Da can Ummi aku ce, idan ta fara zuba sai an toshe mata baki da alewa. To shekara uku ke nan da aka samu saɓani tsakanin Yaya da mahaifiyarta, aure ya mutu, uwar ta koma gidansu, aka bar Ummi a ɗakin Hajiya. Tun daga nan yarinya ta zama wata iri. Ba ta kuka, ba ta rashin ji, amma fa magana sai an yi da gaske, idan ka tambaye ta abu sai dai ta ɗaga kai ko ta girgiza. Yaya ya yi sabon aure, Amarya har ta haihu, yaron ya fara tafiya. Tsakani da Allah ba za a ce Amarya tana cutar Ummi ba, abincinta da wankinta duk ba ta wasa da su, sai dai abin da ke haɗa su bai wuce "ina kwana" da "lafiya lau" ba. Kowacce tana tsoron 'yar'uwarta.

Wata Asabar cikin watan Janairu, ana tsananin hunturun nan, na je gida gai da Hajiya. Ina shirin tafiya sai na ji an ja mini gefen mayafi. Ina waiwayawa na ga Ummi. Ta duba hagu ta duba dama, sannan ta zura hannu cikin hijabinta ta zaro wata takarda duk ta yamutse ta miƙo mini.

Na ce, "Mene ne wannan Ummina?"

Ta ce, "Gwaggo, fom ne. Malama ta ce sai Abba ya sa hannu."

Na ce, "Yaushe aka ba ki?"

Ta ce, "Tun ran Talata."

Allah sarki! Kwana huɗu yarinya tana yawo da takarda a jikinta, ta rasa wanda za ta nuna wa. Na warware na duba, ashe fom ne na shiga ƙungiyar Birawuni, wato reshen ƙananan 'yan mata na Gal Gaid, ƙannen 'yan Sikawut ɗin nan da kuke gani suna fareti. Na dube ta na ce, "Kina so?" Wallahi ƙannena, rabon da in ga idon Ummi ya yi irin wannan haske har na manta. Ta ce, "Ina so Gwaggo. Suna waƙa, kuma suna da usur."

Nan take sai na tuna da kaina. Ni ma ina 'yar aji huɗu na taɓa kawo irin wannan magana gida. Marigayi Babanmu, Allah ya jiƙansa, bai ko bari na rufe baki ba ya ce, "Mace da maci? Ba a gidana ba." Shi ke nan magana ta mutu, don a zamaninmu idan uba ya ce a'a, ko uwarka ba ta isa ta tayar da zancen ba. Duk ranar da suke taruwa sai in maƙale a tagar aji ina leƙensu, suna zagaye a gindin darbejiya da ƙyallayensu a wuya, har sai mai gadi ya kore ni. Ban riƙe Baba a zuciya ba, abin da ya ga shi ne daidai ya yi, amma ga shi har na yi furfurar gaban goshi ban manta tagar nan ba. Na ce a raina, in Allah ya yarda Ummi ba za ta tsaya a taga ba, sai dai in na bincika na ga abin ba na kirki ba ne.

Na fasa tafiya na jira Yaya ya dawo daga kasuwa. Bayan ya ci abinci ya sha ruwa na durƙusa na miƙa masa takardar. Ya karanta, ya ninke, ya ajiye a gefen tabarma, ya ce, "Ke ma dai da neman magana kike. Wannan ai abin Turawa ne. Yau a ce maci, gobe a ce kwanan daji, jibi a ce ta cire hijabi. Kuma na ji an ce da hannun hagu suke gaisawa. Yarinyar da ake fama ta riƙe hadda ita ce za a ƙara wa shiririta?"

Hajiya tana daga ƙofar ɗaki tana jan carbi ta ce, "Ni kuma jikar maƙwabta ta gaya mini wai shugabar tasu Mujiya ake ce mata. Yo fisabilillahi duk tsuntsayen duniya a rasa wadda za a laƙaba wa malamar yara sai mujiya? Takwarata ba za ta bi mujiya ba."

Dariya ta taso mini na danne. Amarya kuwa tana gefe tana ba yaro nono, ba ta ce uffan ba. Na leƙa bayan labule na hango ƙafafun Ummi, ashe duk tana ji. Na ce, "Yaya, duk abin da ka faɗa abin dubawa ne, ni ma ban san amsarsa ba. Amma ka ba ni mako guda in je in gani da idona. Idan na ga abin ƙi, ni da kaina zan yaga takardar." Ya yi shiru can ya ce, "Je ki gani."

To 'yan matana, zuwa da kai ya fi saƙo. Ranar da suke taruwa, bayan an tashi daga makaranta, na yafa mayafina na tafi. Na tarar da yara kamar ashirin da wani abu sun yi da'ira a inuwa, wasu da rigar ƙungiya ruwan ƙasa da ƙyallen wuya ruwan ɗorawa, wasu da yunifom ɗin makaranta don ba su ɗinka ba tukuna. "Mujiyar" tasu ashe malamar aji biyu ce, dattijuwa mai fara'a da hijabinta har gwiwa. Na gaya mata abin da ya kawo ni, har da zancen Hajiya. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta sa aka kawo mini benci, ta ce in zauna in kalla tukuna, tambaya ta biyo baya.

Abin da na gani shi ne, an raba yaran shida-shida, kowane rukuni da 'yar shugabarsa a cikinsu. 'Yar shugabar ita ke duba farcen 'yan rukuninta da haƙoransu, ita ke kiran suna, ita ke tabbatar da an kwashe shara bayan an gama. Yarinya 'yar shekara 9 fa! Ranar ƙulli suke koyo, kowacce da guntuwar igiya, ana nuna musu irin ƙullin da ake ɗaure bandeji da shi, wanda yake kwanciya lif a jiki ba ya danna ciwo, kuma ba ya wuyar kwancewa. Malamar ta cire ƙyallen wuyan wata ta nuna musu yadda ake rataye hannun wanda ya ji ciwo da shi. Ashe ƙyallen nan mai kusurwa uku ba ado ba ne kawai, kayan aiki ne. Daga nan aka yi wasan tsere, aka yi waƙa, sai aka zauna kowacce ta faɗi alheri guda da ta yi wa wani a ranar. Wata ta ce ta ɗebo wa kakarta ruwan alwala, wata ta ce ta tsallakar da makaho titi, wata kuma ta ce ta bar wa ƙaninta ƙanzo, aka kwashe da dariya. Duka-duka awa ɗaya aka yi, kafin la'asar an watse.

Bayan yara sun tafi muka zauna da Malama, ta warware mini zare da abawa, ni ma daga baya na ƙara bincikawa. Gaskiyar Yaya ce, a Ingila abin ya samo asali. Wani sojan ƙasar mai suna Robert Baden-Powell ne ya kwashi yara maza 20 ya kai su tsibirin Brownsea a shekarar 1907, ya koya musu zaman sansani da dogaro da kai da taimakon jama'a, a 1908 kuma ya fitar da littafinsa a kan haka, sai abu ya bazu kamar wutar daji. Amma ga inda zai ba ku sha'awa. A 1909 aka yi babban taron 'yan Sikawut a Crystal Palace da ke Landan, sai ga wasu 'yan mata sun kutso ba wanda ya gayyace su, suka ce su ma fa sai an yi da su. Wannan ta sa a 1910 aka kafa Gal Gaid, ƙanwarsa Agnes ta riƙe ta. Kun ga ashe 'yan mata irinku ne suka ƙwato wa kansu. Da ƙananan yara suka dami yayyensu da bin su taro, sai aka buɗe musu nasu: na mata a 1914, shi ne Birawuni, na maza kuma a 1916, shi ne Kob. Sikawut ta shigo Nijeriya a 1915, Gal Gaid kuma ta fara a Legas a 1919. Yau ƙungiyar 'yan matan tana ƙasashe sama da 150, har da ƙasashen Musulmi da yawa, kowace ƙasa kuma tana daidaita sutura da tsari da al'adarta.

Zancen mujiya kuwa daga wata tatsuniyar Turawa ya fito. Wasu yara biyu ne malalata suka ji labarin wani ɗan halitta da ke shiga gida da dare ya yi shara da wanke-wanke ba wanda ya gan shi, sai suka tafi wajen mujiya ta nuna musu inda za su samo shi ya riƙa yi musu aiki. Mujiya ta tura ɗayansu bakin tafki ta ce a leƙa cikin ruwa. Ana leƙawa ba a ga kowa ba sai fuskar mai leƙen. Ma'ana, mai aikin da kake nema kai ne. Su a wajensu mujiya alamar hikima ce, mu kuwa kun san matsayinta a nan. Malama ta ce ita dai yaranta Malama suke ce mata, sunan yana cikin littafi ne kawai. Haka su ma maza, shugabansu ana ce masa Akela, sunan wani dattijon kyarkeci ne a littafin labarin daji na Rudyard Kipling.

Gaisuwar hagu fa? Suna cewa hagu ya fi kusa da zuciya. Ana kuma ba da labarin cewa Baden-Powell ya gano ta ne a wajen Ashanti na ƙasar Gana, inda ya je yaƙi a 1895: jarumi da hagu yake riƙe garkuwa, idan ya ajiye ta ya miƙo maka hagun, to ya amince da kai ke nan. Malama ta ce wannan tsakanin 'yan ƙungiya ne ranar biki, kuma ita da bakinta take gaya wa yara cewa a gida babba durƙusa masa ake yi, ba a miƙa masa abu da hagu. Alkawarin da yaro yake ɗauka kuwa bai wuce zai yi iya ƙoƙarinsa wajen sauke haƙƙin Allah da na ƙasarsa, da taimakon mutane ba. Taken manya shi ne zama cikin shiri, na Birawuni ba da hannun taimako, na Kob kuma yin iya ƙoƙari.

Na koma na zayyana wa Yaya komai. Ya saurara har na gama, amma na ga bai sauko ba, yana ta juya hularsa a hannu. Kwatsam sai muka ji murya daga gefe, a hankali: "Yaya, ni ma fa na yi Gal Gaid a sakandare." Amarya ce. Duk muka juya muna kallon ta, don ko shi mijin bai sani ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Har bajo uku na samu. Idan ka yarda, ni zan riƙa rako ta ina ɗauko ta." Tabɗijan! Ina ƙara leƙa bayan labule na ga wannan karon ba ƙafafu kawai ba, har da ido guda.

Yaya ya ce a miƙo masa biro. Amma ya kafa sharaɗi huɗu: zango ɗaya za a gwada, ba fashin Islamiyya, riga da wando da hijabi, kuma ba kwana a waje. Muka ce mun ji mun yarda. Washegari na shiga Kantin Kwari na yanko yadi ruwan ƙasa, tela ya ɗinka doguwar riga da wando. Ƙyallen wuyan kuwa Amarya ce ta zauna ta koya mata naɗe shi, suka yi ta yi suna warwarewa har dare. A daren ne na fara jin dariyar su biyun a haɗe.

Kada ku ce daga sa riga Ummi ta koma aku, a'a, sannu a hankali abin ya zo. Da farko dai sai aka riƙa wayar gari a ga an wanke kwanukan Amarya an kife, ba a san wanda ya yi ba. Hajiya har ta fara tofa addu'a a tsakar gida, sai da aka kama mai aikin da asuba tana ɗanɗame da sanyi a bakin rariya. Aka hana ta fitar asuba, aka bar mata sharar ɗakin Hajiya.

Sai ranar da ba zan manta ba. Na kwana a gida saboda Hajiya ba ta jin daɗi. Da safe Amarya ta juye ruwan shayi a kofi ta ajiye a ƙasa ta juya ɗauko madara, ƙiftawar ido yaron ya tako ya finciko kofin, ruwan ya kwarara masa a hannu. Yaro ya canyara ƙara, gida ya rikice. Amarya ta sure shi tana salati, Hajiya tana cewa a fasa ƙwai, wata maƙwabciya ta faɗo tana cewa man goge baki, ni kaina Antinku, da karatuna da komai, na tsinci kaina ina laluben kwalbar man ja. Sai muka ji an daka tsawa: "Ruwa! A sa masa ruwa! Malama ta ce ruwa kawai!"

Ummi ce. Ta janyo bokiti ta kamo hannun ƙanenta tana kwarara masa ruwa da moɗa, tana kuka tana cewa, "Kar a shafa komai, sai an yi minti ashirin." Nan hankalin Amarya ya dawo jikinta, ta ce, "Gaskiyarta ne Hajiya, haka aka koya mana." Ta zare masa rigar tun da ba ta manne ba, ta lulluɓe sauran jikinsa da zani saboda sanyi, ni kuma na koma jigilar ruwa. Da lokaci ya cika aka rufe wurin da ƙyalle mai tsabta muka nufi asibiti. Ma'aikaciyar da ta duba shi ta tambaya me aka shafa, muka ce ba komai, ruwa kawai. Ta ce kun kyauta, da kun cika shi da tarkace da sai mun kankare kafin mu ga ciwon. Yaro ya yi kwanaki ana wanke masa, yanzu sai ɗan tabo.

Ku riƙe wannan ko da shi kaɗai kuka tsinta a zauren yau: ƙuna ruwa mai sanyi take so, a yi ta kwararawa har minti 20, ban da ƙanƙara, ban da ƙwai, ban da mai, ban da man goge baki, kada a fasa bororon da ya taso, kuma idan ƙaramin yaro ne a kai shi asibiti ko da ciwon ya yi kama da kaɗan.

Da dare Yaya ya kira Ummi ya zaunar da ita a gabansa. Ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce, "Ummina, me kike so in saya miki?" Ta ce ba ta son komai. Ya matsa mata. Can ta ce, "Abba, ranar da za a sa mini bajo, ina so Mamata ta zo." Ɗaki ya yi tsit. Rabon da a ambaci matar nan a gaban Yaya an fi shekara biyu. Na zaci zai tashi ya fita. Sai ya dube ni ya ce, "Ki kira ta ki gaya mata."

An sa bikin ranar 22 ga Fabrairu, ranar da 'yan Gal Gaid na duniya suke tunawa da junansu, domin ita ce ranar haihuwar Baden-Powell da matarsa Olave su duka biyun. Na zo da Hajiya, wadda ta ce sai ta ga mujiyar nan da idonta, aka gaisa har da musayar goro. Mahaifiyar Ummi ta iso ta tsaya can nesa tana jin nauyi. Amarya ce ta tashi da goyonta ta je ta kamo hannunta ta ce, "Yaya, zo ga wuri," suka zauna a benci guda. Aka kira Ummi ta fito tsakiyar da'ira, ta ɗaga hannu ta faɗi alkawarinta da murya har bakin ƙofar makaranta ana ji. Malama ta maƙala mata bajo. Na juya don in share hawaye, sai na hango hular Yaya a bayan taga, ashe ya rufe shago ya zo, ya ƙi shigowa. Wato dai gidanmu ba a rabu da tsayuwar taga ba.

To yanzu bari in juyo kanku. Ban ce kowacce ta ruga ta sa ƙanwarta a ƙungiya ido rufe ba. Ƙungiya sunanta ɗaya, amma kyanta yana ga wanda yake riƙe da ita a makarantarku. Na san akwai inda abin ya koma fareti kawai, ba a tuna da yara sai 27 ga Mayu, Ranar Yara, ko 1 ga Oktoba ta matso, a shanya su a rana suna buga ƙafa, a karɓi kuɗin yunifom, shi ke nan sai baɗi. Saboda haka idan ƙanenki ko ƙanwarki ta kawo irin wannan takarda, ga abin da nake ba ki shawara.

Na farko, kada ki yi mata dariya, kada kuma ki ce "Baba ba zai yarda ba" ki kashe maganar tun a ɗaki. Karɓi takardar ki karanta.

Na biyu, nemi izini ki je ki gani, ke da Mama ko wata babba. Ki san wace ce shugabar, malamar makarantar ce ko daga waje take zuwa, kuma hedimasta ya san da ita? Idan 'yan mata ne, mace ce take kula da su? Shugabar kirki ba ta jin haushin tambaya, wadda ta hana iyaye kallo kuwa, a yi nesa da ita.

Na uku, ki tambayi rana da lokaci, a tabbatar bai ci Islamiyya ko salla ba, a kuma san wanda zai raka yaro ya ɗauko shi. Kada a bar ƙaramin yaro ya dawo shi kaɗai bayan sauran 'yan makaranta sun watse.

Na huɗu, ki tambayi kuɗi dalla-dalla tun farko: na rajista, na yadi, na ƙyalle da bajo. Idan babu hali a lokacin, a roƙi Malama yaro ya fara da yunifom ɗin makaranta, ko a nemi kwancen wadda ta girma ta bar nata. Ba abin kunya ba ne.

Na biyar, kuma wannan ya fi duka, ki ja ƙanwarki a jiki ta saba gaya miki abin da aka yi a kowane taro. Ki koya mata cewa babu babban da ya isa ya keɓe da ita shi kaɗai, ko ya ce ta rufa masa wani asiri kada ta faɗa a gida, ko malami ne ko shugaba ko wane ne. Idan an zo maganar fita sansani, a san wurin, a san matan da za su kwana da yaran, a karɓi lambar wayarsu, in hankali bai kwanta ba a haƙura.

Na shida, idan za ki kai maganar gaban Baba, ki zaɓi lokaci, ki je da ladabi da amsoshinki a hannu. Tsoron da iyaye suke ji ba na banza ba ne, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Idan sun ce a'a bayan duk wannan, to a bi, sai a duba ko Islamiyyarku tana da reshen yara na 'yan agaji, irin waɗanda kuke gani suna gyara sahu a filin idi, su ma suna koyar da horo da taimakon gaggawa.

Mu ma a gidanmu ba komai aka samu ba. Da hutu ya zo aka shirya wa yaran kwana biyu a wata makarantar kwana, Yaya ya ce sharaɗinsa yana nan, ba inda za ta. Ummi ta sha kuka har ta ƙi cin tuwo, ta zo ta kama ƙafata wai in roƙa mata. Na ce mata a'a, alkawari muka yi da Abbanki, kuma 'yar Birawuni ba ta karya alkawari. Ta yi kwana biyu tana fushi da ni. Amma da aka koma makaranta Yaya da kansa ya tambaya ko akwai sabon fom da zai sa wa hannu, kuma na ji an ce an ba ta riƙon 'yan rukuninta shida, har ta fara duba farcen Hajiya.

Nan zan dakata sai fitowa ta gaba, inda za mu koma kan lefenmu in Allah ya kai mu. Wadda ta taɓa yin Birawuni ko Gal Gaid, ko wadda aka hana kamar ni, ta rubuto mini labarinta, zan buga waɗanda fili ya ɗauka. Ku gaishe mini da su Mama, a kuma yi karatu ban da wasa.

Taku har kullum,
Antinku.